Kwaɗi a Ɗakin Maijego

Kaset daga Hapsatu, New Bell, Duwala, zuwa ga mijinta Jibirin, a wani ƙauye kan dutse bayan Nkongsamba. Daminar 1991.

Salamu alaikum. Ya kama? Jar fitilar ta kama, to yana ɗauka ke nan. Maigida, ni ce. Ina gaisuwa, ina gajiya, yaya sanyin dutse? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. 'Yarka tana shan nono sosai, cibiya ta faɗi ta warke. Iyatu mai yi min wankan jego tana gaishe ka. Ta ce wane irin uba ne wannan, an yanka ragon suna, ko soyen bai huce ba ya ɗau mota ya ɓace. Na ce aiki ne, Iya. Ta ce aikin ya ci gidansu.

Ka ce kwana biyu za ka yi, ka kwaso sauran kayan Madam Dakta, mai binciken nan da kake tuƙawa, ka dawo. To tun da ka juya baya gari ya mutu. Abin nan da suke kira bil-mot. Daga Litinin har Juma'a ba kasuwa, ba taksi, ba mai zuwa biro, wato ofis. Samari sun tare hanyoyi suna ƙona tayoyi, hayaƙin har cikin gidan sauro yake biyo mu. Asabar da Lahadi kaɗai ake buɗewa a sayi abinci. Hamman mai kamyo, babbar motar ayabar nan, ya ce a ranakun nan yake samun wucewa, kuma ya san ƙauyen da kuke sauka, shi ya sa zan ba shi wannan.

Bari in matso da bakina, bangon nan katako ne, maƙwabciyarmu Najiba matar Abdurrazak tana jin tarina ma.

Maganar baƙinka ce. Kwaɗin nan da ka tura ƙarƙashin gado a baho biyu, ka ce kada kowa ya gani. Maigida, ka manta a ɗakin maijego ka ajiye su? Da safe Iyatu ta tafasa ruwa a garwa, ta tsoma ganye ta yi ta fyaɗa min har fatata ta yi ja. Wannan ka sani. Abin da ba ka sani ba, bayan suna ta fara min gashi. Garwashi take zubawa a kasko ta tura ƙarƙashin gado, ta rufe ƙofa da taga, ta ce in kwanta in gasu. Ƙarƙashin gadon nan fa! Ranar farko Allah ne ya so, ta koma tsakar gida ɗauko mafici, na jawo su da ƙafa na tura bayan akwati. Ko a can ɗin, da ta tafi na buɗe, na tarar maƙogwaronsu na bugawa fat-fat-fat, sun lafe kamar an taka su.

Na tuna ka ce 'yan ruwan sanyi ne. Sai na juye randa da tulu, na mayar da su ciki. Na shuɗin baho a randa, na farin baho a tulu. Ban haɗa su ba, ka yi ta nanata min kada in haɗa. Ruwan sama nake tara musu daga kwano, ban sa na famfo ba. Abinci kuwa garar da ke bangonmu ta ishe su, ashe ruɓewar katakon nan tana da rana. Kuma ka san maijego ba ta shan ruwan sanyi, don haka ba mai dalilin zuwa wajen randa.

Ni dai ba na son taɓa su. Ƙanana ne, kamar babban yatsa, cinyarsu ja ta ciki, amma idonsu ba ya barin mutum.

Sai magana ta biyu. Ka duba ƙafar 'yarka ta hagu kuwa? A naɗe aka miƙa maka ita. Yatsu biyu na tsakiya a manne suke, da 'yar fata tsakaninsu. Iyatu ta gani tun ranar haihuwa ba ta ce komai ba, amma yanzu in tana mata wanka sai ta riƙe ƙafar ta daɗe. Jiya ta ce, Hapsatu, da kina da ciki kin taɓa zuwa bakin ruwa da tsakar rana? Na ce a'a. Ta ce mijinki fa? Kai da duk watannin cikin nan a cikin rafi ka yi su.

Da ta tafi na ɗaga murfin randa na dubi ƙafar ɗaya daga cikinsu, na zo na dubi tata. Ban ce komai ba fa. Tambaya nake. Mene ne waɗannan abubuwa, kuma yaushe za ka zo ka ɗauke su?

Kaset daga Jibirin zuwa ga Hapsatu.

Wa alaikumus salam, Maijego. Na ji muryarki, na ji kukan Raudatu a baya, na mayar na sake ji har masu gidan nan suka fara min dariya. Ina gaida Iyatu, ki ce mata na amsa laifina. Ina gaida Abdurrazak da iyalinsa.

Kada ki tsorata da abin da zan faɗa. Na karye. Santsin dutse ne a bakin rafi, ƙafar dama, ƙasa da gwiwa. Mbororo'en da ke kiwo a nan sama suna da mai ɗori, ya ɗaure ni da karare, ya ce in na kuskura na hau kamyo a hanyar nan ƙashin zai goce, in ƙare da sanda. Motar Madam kuma lambar gwamnati gare ta, a shingen samari na farko za su cinna mata wuta, mun lulluɓe ta da ganyen ayaba. Ita Madam ta maƙale a Yawunde, inda ta je neman takardar izinin wucewa da su. Wala, shi ke nan. Kowa yana inda tsautsayi ya ajiye shi.

Kin yi dabara da randar nan, ni kaina ban tuna da gashi ba. Allah ya yi miki albarka.

Kin tambayi ko mene ne su. Kwaɗi ne, Hapsatu, halittar Allah, ba wani abu a bayansu. Dutsen nan rafi biyu gare shi, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, tsakaninsu tudun da kwaɗo kamar yatsa ba zai taɓa haurawa ba. Na tulu na gabas ne, na randa na yamma. A ido ba ki raba su, ni ma ba na iyawa. Amma Madam tana zaton tun zamanin da ba wanda ya san ƙidayarsa suka rabu, kowa ya kafa gidansa. Kamar ni da Bakano, riga ɗaya hula ɗaya, amma in na buɗe baki ya san ba a unguwarsu aka haife ni ba. To su ba a gane su a baki, sai a jini. Za a duba jinin a ga ko har yanzu 'yan uwa ne na kusa, ko sun zama iri biyu. In iri biyu ne, to na yamma ba su da kowa a duniya, ba su da ko'ina sai rafin nan ɗaya. Da wannan hujja za ta je ta nemi a hana sare kurmin da ke kansa. Tun da farashin kofi ya faɗi mutane suke sarewa suna shuka masara da makabo, gwazar nan, kuma a rafin suke wanke tulun feshin maganin ƙwari. Ba na zarginsu, yunwa ce. Amma abin da ake ciki ke nan.

Maganar ƙafa. Na gani ranar suna, na yi shiru don kada hankalinki ya tashi. Madam ma ta gani da ta ɗauke ta. Ta ce ba ciwo ba ne, za ta yi tafiya ta yi gudu, gado ne, yakan tsallake uba ya sauka kan jika. Sai dai wa zan tambaya? Kakana shi kaɗai ya sauko Duwala da fataken goro, har ya mutu in an ce ina ne garinku sai ya ce arewa. Babana yana ƙasa. Ke ma Inna ta rasu, garinku Tibati kuma ba nan kusa ba. Ni dai na duba nawa yatsun, a rabe suke, yanzu ma ba ni da aikin da ya wuce kallonsu.

Ki cire kwaɗo daga zancen 'yata. Ki ci nama, ki sha kununki. Muryata ta fara ja, batir ne ke mutuwa, nan kuma ba a

Kaset daga Hapsatu.

Salamu alaikum, Maigida. Sannu, sannu da jiki. Allah ya sa kaffara ne. Da na ji ka ce ka karye sai da nonona ya ɗauke na wuni guda. Kaset ɗinka a tsakiyar magana ya yanke, ban san me ka so faɗa ba. Mu lafiya. Ruwa ake yi ba dare ba rana, kwata ta cika ta shigo tsakar gida, muna tafiya kan bulo.

Iyatu ta gani.

Ni ce maijego, ita ai ba maijego ba ce, wannan ne ban lissafa ba. Ta gama hura garwashi gumi na zuba mata, ta ce wash, bari in jiƙa maƙoshi. Kafin in tashi daga gado ta ɗau moɗa ta ɗaga murfi. Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. Ta mayar da murfin a hankali, ta zo ta zauna bakin gado.

Ta ce, Hapsatu, mene ne a randarki? Na ce kwaɗi ne, Iya. Ta ce ai ban ce miki kaji ba ne. Na ce na aikin Maigida ne. Ta ce direba ne ko boka?

Na kunna mata kaset ɗinka don ta ji da kunnenta. Ta saurara har inda ka ce a jini ake gane su, sai ta ce kashe. Ta ce mijinki ya yi lakwal, ɗan boko ne, ya iya jera zance. Ta ce shekarunta a garin nan sun fi nawa a duniya, ta ga maza da yawa da suka shiga famla, ƙungiyar nan da ake ba da jinin gida a karɓi arziki, kuma ba wanda ya taɓa dawowa gida ya ce na shiga. Da fara'a suke dawowa, da tsaraba. Ta ce kowa an sallame shi daga aiki a shekarun nan, mijinki kaɗai ne aikinsa ke ƙaruwa, ba ki taɓa tambayar kanki ba?

Na yi kuka na rantse mata. Ta ce don marainiya ce ni za ta riƙe bakinta har in yi arba'in. Amma ta ɗaura wa yarinyar laya a ƙafar, kuma ta daina cin abinci a ɗakina. Tulun ba ta san da shi ba, yana bayan akwati da faifai a kai.

Na roƙi Hamman ya kawo maka su. Ya ja da baya kamar na miƙa masa wuta. Ya ce a kowane shinge sai samarin nan sun buɗe kaya, in suka ga Bahaushe da randar kwaɗi ba za su tambaye shi sunan dutse ba, taya za su rataya masa a wuya su cinna wuta. Ya ce yana da 'ya'ya.

Maigida, ka ba ni izini in juye su a kwata. Ga ruwa ko'ina, ga 'yan uwansu suna ta kuka a bayan gida. Su tafi cikin danginsu mu huta. Ka amsa min da wuri.

Takarda daga Jibirin.

Hapsatu, bayan gaisuwa. Ƙafa da sauƙi. Batir ya ƙare a ƙauyen nan gaba ɗaya, a rediyon motar na ji saƙonki, amma ba ya ɗaukar murya, shi ya sa na rubuta. Na san ba kya karatu. Ki ba Abdurrazak ya karanta miki a keɓe.

Kada ki zuba su a kwata. Na bayan gida ba danginsu ba ne, ruwan nan kuma kafin la'asar zai kashe su. Wani makiyayi ya sauko jiya ya ce rafin yamma ya mutu, kifi da kwaɗi duk sun taso ciki sama. Na roƙe shi ya koma ya bi shi har tushe yana ɗaga duwatsu. Bai ga ko ɗaya mai rai ba. Iyakar saninmu, na cikin randarki su ne suka rage a duniya.

Ki kula da su yadda kike kula da Raudatu. Abincinmu a jikinsu yake. Jinin kawai Madam take so, in ta samu aikina ya zauna, mun huta. Ki ƙara haƙuri kaɗan, kuma kada kowa a gidan ya sani.

Mijinki, Jibirin.

Kaset daga Hapsatu.

Salamu alaikum. Ina fata ƙafa na ƙara sauƙi. 'Yarka lafiya, har ta fara bin mutum da ido. Ni ce dai ba lafiya ba, ba kuma a jiki ba.

Maigida, me ya sa ka rubuta? A keɓe! Ni matar aure, maijego, in keɓe da mijin wata a ina? Da Hamman ya ba ni takardar na ba Iyatu, ta kira Abdurrazak, shi kuma don mutunci ya ƙi shiga ɗaki, ya tsaya bakin ƙofa, ya kira matarsa ta tsaya kusa da shi don kada a yi zance. Ni ina daga ciki bayan labule. Ya gyara tabarau, ya ɗaga murya irin ta biro don in ji. Yana cikin karantawa ya zo wurin da ka ce a keɓe, ya karanta shi da ƙarfi shi ma, ya ɗan tsaya, sai ya ga ai ya riga ya fara. Matan gida suna daka a rumfa. Ina jin taɓarya tana raguwa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan ki kula da su yadda kike kula da yarinyar, jinin kawai ake so, kada kowa ya sani, ko tsiyayar kwano ana ji.

Ya ninke takardar ya miƙo ta ƙarƙashin labule. Ya ce da Faransanci wai aikin masana ne, ya san irinsa.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Ka san Najiba na da ciki, ya fito sosai. Ranar Laraba jini ya ɓalle mata. Ba taksi. A amalanke aka ɗora ta, aka tura cikin ruwan sama, a shinge samari suka tsaya gardama, kafin a kai asibiti cikin ya zube. Namiji ne. Ita ta rayu, an dawo da ita.

Yanzu bango ɗaya ne tsakanin gadonta da randar. Kowa ya auna wannan. Sun ce abin ya gama da ƙafar 'yata ya haura bango. Ba mai gaishe ni. An kwashe yara daga ƙofata. Abdurrazak da ya ce aikin masana ne, na gaishe shi ta taga ya dubi ƙasa ya wuce. Ban ga laifinsa ba, ɗansa ne.

Jiya Iyatu ta zo ba ta ɗora ruwa ba, ta zauna. Ta ce matan sun yi shawara. Sun ce wannan da nake goyo ba mutum ba ce, 'yar ruwa ce, an musanya tun a ciki, kurwarta tana cikin randa tare da 'yan uwanta. Sun ce a kai ta bakin fadamar bayan unguwar Nylon, ita da randar, a shimfiɗa zane a ajiye ta, kowa ya juya baya ya yi nisa, ba waiwaye. In mutum ce za a dawo a same ta. In ba mutum ba ce za ta bi nata.

Na ce Iya, ruwan wurin nan hawa yake yana sauka, ga ƙaguwa, ga karnuka. Jaririyar da ko wuyanta bai tsaya ba. Ko mutum ce ai ruwa zai ɗauke ta, sannan ku ce ta bi nata. Ta ce haka aka gada. Tana faɗa tana hawaye fa, Maigida. Ita ta yanke mata cibiya. Ta ce gara wannan da abin da samarin waje za su yi in zancen ya fita ƙofar gida, don su ba sa tsayawa raba uwa da 'ya.

Na aika a gaya wa Liman, aka ce yana can yana bin mazan unguwa da aka kwashe a kame, ba ya wuni a gida.

Ba ni da uwa a garin nan, ba ni da wa. Ko da rarrafe ne ka zo. In ba za ka iya ba ka aiko da murya, ba takarda ba, ka yi wa matan nan magana da sunayensu. Ina sa sakata, ina kwana da ita a ƙirji. Sakatar kuwa ka san ta, ƙusa biyu ce a ruɓaɓɓen katako.

Kaset daga Hapsatu.

Salamu alaikum, Maigida. Yaya ƙafa? Ban sani ba ko wancan saƙon ya same ka. Hamman ya ce ya ba wani yaron mota a Nkongsamba don hanyar dutse ta zabtare, shi kansa sai yau muka gan shi. Ban ji daga gare ka ba, ban kuma riƙe ka a zuciya ba. Yana waje yana jira, don haka zan faɗa a gurguje. 'Yarka tana da rai. Na fara da wannan don ka iya jin sauran.

Ranar Litinin suka zo, da hantsi, maza sun fita neman labari a bakin titi. Iyatu ta riga ta ɗora garwa ruwa na tafasa. Na ji an tsaya a ƙofata, ba sallama. Na leƙa, matan gida ne duka, da wasu biyu daga maƙwabta, ɗaya riƙe da sabon farin zane. Najiba ma ta fito tana dafa bango. Iyatu ta ce, Hapsatu, buɗe, kada ki sa a karya.

Ban san daga ina maganar ta zo min ba. Na buɗe na ce, kun ce ran 'yata yana cikin randa? Suka ce e. Na ce to in na cikin randa suka mutu ita ma ta mutu ke nan? Ta maƙwabta ta ce haka ne. Na ce to ba sai mun je Nylon ba.

Na ɗaure ta a ƙirji na sa mata nono a baki. Na mirgino randar da kaina har tsakar gida, ba wadda ta taya ni, ja da baya suke. Na ɗebi ruwan wankana a bokiti, yana tururi.

Maigida, zan gaya maka gaskiya. Da na ɗaga murfin ban tabbata ba. Na yarda da kai, amma kullum sai an faɗa min a kunne, ga ƙafar ina gani, ga kai ba ka nan. Na ce a raina in matan nan ne da gaskiya, to da hannuna zan kashe 'yata. In kuma na ajiye bokitin, fadama za ta kashe min ita. Nan aƙalla tana jikina.

Suna zaune kan ɗan dutsen da na sa musu, sun ɗago suna kallona, sun saba in murfi ya buɗe gara ce. Akwai abin da ban gaya maka ba don ina jira ka zo ka gani. Sun yi ƙwai. A jikin ganyen da ke ciki, tsilli-tsilli kamar idon kifi.

Na yi bisimilla na zuba.

Ba su yi ƙara ba. Na zaci za su yi. Tsalle ɗaya, shi ke nan, sai tururi. Ba wadda ta dubi randar ma, duk ƙirjina suke kallo. Sai yarinyar ta saki nono. Ta yi lamo. Wallahi na ce shi ke nan. Ashe gyatsa ce ta tokare ta. Ta yi abinta, ta lalubo ta ci gaba da sha.

Muka tsaya a haka har tururin ya kwanta. Iyatu ta matso ta zaro ƙafar daga zane, ta duba, yatsun suna nan a manne yadda Allah ya yi su. Ta mintsine ta da ƙarfi. Yarinya ta tsala ihu har kajin gida suka watse. Iyatu ta ce, mutum ce. Ta juya ta ce da mai farin zane, kai wa mai shi, a ɗinka wa yara riga. Najiba ta zauna a ƙasa cikin ruwa ta yi ta kuka, don yanzu ba ta da wanda za ta ce shi ne. Ni kuma Iyatu ta dubi garwa ta ce na ɓarnatar da rabi, in zo in yi wanka da abin da ya saura tun bai huce ba. Na je na yi.

Har yanzu ba su sake da ni ba. In na fito shanya sai na ga ana leƙen bayana, ana jira a ga ko za ta yi zazzaɓi. Ko atishawa ta yi sai na toshe da zane.

Na tulu suna nan da rai, ba wanda ya sani. Yau da Hamman ya shigo alwala na ga butarsa, sai abin ya faɗo min. Wa zai buɗe butar Musulmi a shinge? Na sa su ciki da jiƙaƙƙen ganye, na toshe bakin da tsumma, ya yarda zai rataye ta inda ya saba. In ta iso ka sa a mayar da su rafinsu. Da na tuna da buta tun ranar da na fara roƙonsa, da duka biyun sun tafi. Tun ɗazu wannan nake ta juyawa.

Na randa kuma, da aka watsar da su bayan gida na bi na tsince, na barbaɗa musu gishiri yadda ake wa nama, suna cikin gwangwanin madara a ƙullin kaset ɗin nan. Ban sani ba ko dafaffen jini yana faɗin dangi. Ka tambayi Madam.

Ka ce su ne suka rage a duniya. Na ji, na gane, ban manta ba lokacin da nake ɗaga bokitin. Kada ka ce mata zafi ne ya kashe su, ko matan gida. Ka kunna mata wannan ta ji daga bakina. Ni na ƙarar da gidan kwaɗin yamma da hannun dama, 'yarka tana hannun hagu. Ban ce ta yafe min ba, kai ma ban ce ba. In aka sake tsayar da ni a wurin nan, zan sake zubawa.

Hamman na buga ƙofa. Ka gaida mai ɗori.